Komawa aikin katako alhali zuciya ba ta kwanta ba

Duk wanda wani abu ya raba shi da bencinsa na ɗan lokaci, rasuwa ce, ko bashi, ko rigimar gida, ko wani aiki da ya shaƙe masa wuya, ya san ranar da ƙamshin katako yake fara kiransa. Hannu ya riƙa ƙaiƙayi, mutum ya ce bari in je in ɗan taɓa wani abu ko raina ya yi sanyi. Ina tare da wannan kiran, domin na san abin da aikin hannu yake yi wa mutumin da kansa ya ɗau zafi. Roƙona ɗaya ne, ɗan'uwa: kada makunnin injin zarto ya zama abu na farko da yatsanka zai taɓa.

Ga dalilina, kuma lissafi ne da za ka iya yi da kanka. Faifan zarton tebur, wato injin da faifansa mai haƙora ke fitowa ta saman tebur, wanda aka fi amfani da shi faɗinsa inci 10 ne, wato kusan santimita 25, kuma yana juyawa kimanin sau 4,000 a minti. Idan haƙoransa 40 ne, to haƙora sama da 2,600 suke wucewa ta wuri ɗaya a daƙiƙa guda. Lafiyayyen mutum da ya ƙoshi da barci yana bukatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. Kafin nan haƙora fiye da 600 sun wuce. Saboda haka maganar "in na ga haɗari zan janye hannuna" ba ta da tushe. Abin da yake tsare yatsa shi ne inda ka ajiye shi tun kafin katako ya taɓa faifai, wannan kuwa aikin natsuwa ne, natsuwar da damuwa take fara cinyewa. Hukumar CPSC mai lura da ingancin kayan da jama'a ke amfani da su a Amurka ta ƙiyasta cewa a can kaɗai kimanin mutum 30,000 ne faifan zarton tebur yake ji wa raunin da sai an je asibiti duk shekara, kusan 4,000 daga cikinsu kuma suna rasa yatsa ko wani sashe nasa.

Idan mutum yana cikin damuwa, jikinsa yana sakin sinadaran adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, kafaɗu su ɗaure, riƙo ya yi tsauri fiye da kima, ido ya tsaya kan abu ɗaya ya manta da na gefe. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda hannun gwani yake ci gaba da aiki shi kaɗai, alhali mai hannun yana can yana maimaita gardamar da aka yi jiya. Sabon shiga yana tsoron inji, tsoron yana riƙe hankalinsa. Gwani ya daina tsoro, ya dogara da sabo. To wanda ya yi watanni bai yi aiki ba, sabon nan ma ya yi tsatsa, ga kuma hankalin ba ya wurin. Kariya biyu sun tafi a lokaci guda, shi kuwa yana jin kansa daidai yake da da.

Ka yanke hukunci tun kana gida

Wanda kansa ya cika ba ya iya auna kansa daidai a lokacin da yake tsaye gaban inji. Zai ce lafiyarsa ƙalau, kuma da gaske yake jin haka. Shi ya sa nake so ka kafa ƙa'idojinka a lokacin da kake zaune cikin kwanciyar hankali, ka rubuta su a takarda ka manna a ƙofar wurin aikin, yadda ba sai ka yi shawara da zuciyarka ba in ka iso.

Ta farko barci ce. A shekarar 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, haɗin kan idonsa da hannunsa yana raguwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, matakin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Wanda ya tashi ƙarfe biyar na asuba ya shiga wurin aiki ƙarfe goma na dare don "ya huce", ya kai wannan matakin. Mai damuwa kuwa barcinsa dama gutsi-gutsi ne. In daren jiya ka kwana kana juyi, yau ranar aikin hannu ce, inji ya huta.

Ta biyu magani. Maganin mura da na ƙaiƙayi irin su chlorpheniramine suna sa gyangyaɗi. Haka diazepam da danginsa na kwantar da hankali, haka tramadol da codeine. Wasu magungunan ciwon damuwa ma suna sa jiri ko kasala a makonnin farko. Kada ka daina shan abin da likita ya rubuta maka saboda kana son komawa aiki. Ka tambaye shi kai tsaye ko za ka iya sarrafa inji da shi, ka kuma karanta takardar da ke cikin kwalin.

Ta uku fushi. Wanda ya fito daga faɗa, ko ya ajiye waya bayan mummunan labari, ba shi da abin yi kusa da ƙarfe mai juyawa. Ya ɗauki tsintsiya.

Akwai kuma ɗan gwajin da nake yi wa kaina, nake kuma sa duk wanda ya zo koyo wurina ya yi. Ka ɗauki guntun katakon da ba a bukata, ka ja layi da fensir, ka matse shi a benci, ka bi layin da zarton hannu. Idan zarton ya bi layi, numfashinka bai sarƙe ba, kuma ka kai ƙarshe hankalinka yana kan yankan, to kana nan. Idan ka farga ka ga ka kauce, ko ka gama ba ka tuna yadda ka yanka rabin ƙarshe ba, katakon ya gaya maka gaskiyar da bakinka ba zai faɗa ba. Minti biyu ne kawai, asararsa kuma guntun katako.

Kwanakin farko

Ranar farko ka shiga ba da niyyar ƙera komai ba. Ka buɗe tagogi, ka share, ka kwashe guntayen da ke ƙasa waɗanda za su iya sa ka tuntuɓe. Ka bi wayoyin lantarki da ido da hannu, bayan ka cire su daga soket, domin ɓera ba ya hutu don kai ka huta. Ka duba faifan zarto ko haƙori ya karye ko ya tsage, ka goge tsatsar da ta hau teburin inji, domin tsatsa tana riƙe katako, katakon da ya cije kuma yana sa mutum ya tura da ƙarfi. Katakon da ka bari a jingine ma ka duba shi, mai yiwuwa ya sha danshi ko ya bushe ya lanƙwashe. Kada ka ɗauka yana nan yadda ka bar shi.

Daga nan sai wasa kayan aiki, kuma a nan nake so ka daɗe. Ban san wani aiki a wannan sana'a da yake tattaro hankali wuri ɗaya kamar wasa cizal, ƙarfen sassaƙa mai kaifi a baki, a kan dutse ba. Ana wasa bakinsa a kusurwar digiri 25, a ɗan ƙara ɗaga shi zuwa 30 a can ƙarshen bakin don ya jure. Ka tura, ka dawo, ka saurari sautin, ka shafa bayan ƙarfen a hankali ka ji ko ɗan ƙaiƙayin nan ya fito, alamar kaifi ya kai baki. Babu gaggawa a ciki, babu ƙara, kuma in hankalinka ya tafi ba abin da zai same ka sai dai ka sake. Riba biyu ce: zuciya tana sauka, kayan aiki suna zama masu aminci. Dakusasshen cizal ya fi kaifaffe haɗari, domin sai ka danna da ƙarfi, in ya zame kuma da wannan ƙarfin zai tafi.

Kada dai ka raina kayan hannu don ba su da lantarki. Yawancin raunin cizal a hannun da ke riƙe da katako yake sauka. Dokar ɗaya ce: a matse katako da abin matsewa, hannu biyu duka su kasance a bayan kaifi. In cizal ya suɓuce zai faɗi, ka ja ƙafarka baya ka bar shi ya faɗi, wasa shi ya fi ɗinki sauƙi.

Abin da za ka fara ƙerawa

Ƙarami, mai sauƙi, wanda babu mai jiransa. Ɗan akwati, maratayin kaya, ƙaramin benci. Ka yi shi da katakon da in ya lalace ba za ka ji ciwo ba. Na sha ganin wanda aka yi wa rasuwa yana so ya fara da wani babban abu na tunawa da mamacin, da katako mafi tsada da yake da shi. Niyyar kyakkyawa ce, kuma ina fata ya yi shi, amma ba yanzu ba. Duk kuskure a irin wannan aikin zai ji shi kamar ya ci amanar wanda ya rasu, sai nauyi ya hau kan nauyi.

Ka rubuta jerin awon da za ka yanka tun a gida, a zaune. Lissafi a ka a tsaye gaban inji yana daga cikin abubuwan da kai mai damuwa ya fi kasawa. Ka kuma ba kowane zama aiki guda: yau awo da jan layi, gobe yanka, jibi gogewa da samfefa. Haɗa aiki da gam ka ware masa ranar da ka fi jin daɗin jikinka, domin farin gam na katako yana ba ka kamar minti biyar zuwa goma ne kafin ya fara kamawa, kuma wannan tseren yana tayar da hankalin ko wanda ba shi da damuwa. Ka fara haɗa komai a bushe ba gam, ka jera abubuwan matsewa a buɗe daidai girman aikin, ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa, sannan ka buɗe kwalbar.

Lokacin da inji zai dawo

Ka bi su daki-daki, daga mai sauƙin haɗari zuwa mai tsanani. Injin huda da na goge katako tukuna. Sai ƙaramin zarton lantarki mai yankan lanƙwasa. Zarton tebur, injin fere fuskar katako da injin gyaran baki su zo ƙarshe, su ne ba sa yafiya.

Kafin kowane yanka a zarton tebur, ka yi shi sau ɗaya injin yana kashe. Ka tura katakon har bakin faifai, ka ga inda hannun dama zai kasance, inda na hagu zai tsaya, inda katakon zai faɗa in ya fita ta baya. In ka ga akwai wurin da ba ka san yadda za ka yi da hannunka ba, to gara ka gano yanzu. Murfin faifai ya koma wurinsa, haka ƙarfen nan mai kama da wuƙa da ke tsaye a bayan faifai. Mutane da yawa suna cire shi, alhali shi ne yake hana tsagin katako ya matse bayan faifan. In ya matse, haƙoran baya masu tasowa sama su ɗauki katakon su wurgo shi, kamar harbin jaki, kuma sau da yawa hannun da ke kan katakon yana bin sa zuwa kan faifai. Don haka kada ka tsaya saitin faifan, ka ɗan goce gefe. Ka ɗaga faifan ya ɗan wuce kaurin katakon kawai. Kada ka yanka komai a sake ba tare da jagora ba, wato ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa don yanka ya miƙe, kuma in kana yanka a gicciye da majingina mai zamewa, kada guntun da zai fita ya kasance a matse jikin ƙarfen jagora.

Sandar tura katako a madadin hannu wajibi ce. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a Birtaniya ta ce tsawonta ya kai aƙalla santimita 45, a kuma yi amfani da ita a santimita 30 na ƙarshen kowane yanka. Ka sassaƙa biyu ko uku da hannunka a kwanakin farkon nan, aiki ne mai daɗi, ka rataye su inda hannu zai kai ba tare da ka miƙa ta saman faifai ba. Guntun da ya tsaya kusa da faifai kuwa ka bar shi sai ƙarfen ya tsaya cik. Canjin faifai ko gyaran wani abu, sai an zare waya daga soket, kashe makunni bai isa ba.

Safar hannu ba ta da wuri kusa da inji mai juyawa, haƙori yana kama zaren ya ja hannun gaba ɗaya. Haka hannun riga mai faɗi, zobe, agogo, da duk wani mayafi ko gashi da ke lilo. Ki ɗaure ki soke, 'yar'uwa, kafin ki kunna. Akwai injunan SawStop, waɗanda Steve Gass ya ƙirƙiro dabararsu a 1999, masu tsayar da faifai cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa da zarar ya taɓa fata. In kana da hali ka same shi, alheri ne. Amma ba ya hana katako harbowa baya, sauran injunan wurin kuma suna nan yadda suke.

Wuri biyu nake so ka fi sa wa kanka ido. Na ɗaya, yanka iri ɗaya da ake maimaitawa, kamar guntaye ashirin masu awo ɗaya. Na farko da na biyu kana nan, zuwa na takwas tunanin bashin nan ya dawo ya zauna. Ka raba su biyar-biyar, ka kashe inji tsakani, ka taka ka dawo. Na biyu shi ne "bari in yi wannan na ƙarshe in tashi". Duk sanda ka ji wannan jimlar a ranka, ka sani rabin hankalinka ya riga ya fita ƙofa. Ka bar yankan zuwa gobe.

Mutanen gida su san cewa in inji yana ƙara ba a kiran sunanka, ba a dafa ka ta baya. Mai son magana ya tsaya inda za ka gan shi ya jira. Waya ka rufe mata baki, saƙo ɗaya yana iya mayar da kai cikin abin da ka zo gujewa, amma ka bar ta a aljihu ko inda za ka kai gare ta da hannu ɗaya. Wani kuma ya san kana ciki, da lokacin da za ka fito.

Alamomin tsayawa suna zuwa tun kafin jini. Ka auna abu sau uku ka kasa riƙe lambar. Ka kama kanka kana mayar wa wani magana a zuci. Haƙoranka a cije, numfashi a riƙe. Ka wurgar da fensir don haushi. Ni dokata kuskure biyu ce: in na yi kuskure biyu a jere, ko ƙanana ne, aikin inji ya ƙare na ranar. Gyaran kuskure cikin haushi shi ne lokacin da mutum yake cire murfi, ya riƙe ɗan guntu da yatsu, ya ce sau ɗaya ne kawai. In alamar ta zo kana tsakiyar yanka, kada ka saki katako, kada kuma ka ja shi baya. Ka riƙe shi daram, ka kashe inji da ɗayan hannun ko da gwiwa in makunnin ya ba da dama, ka jira faifai ya tsaya. Sannan ka ɗora tafukanka a kan benci, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, sau biyar ko shida.

Tabaran kariya, abin toshe kunne da takunkumin ƙura, waɗannan ba sai na tsawaita ba. Ƙarar zarton tebur tana kai wa wajen desibel 100 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 ake fara lalata ji in an daɗe, kuma ƙara kanta tana ɗaure jijiyar wanda dama a ɗaure yake. Ƙurar katako kuwa tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Abin da mai damuwa ya fi mantawa shi ne rufe wuri. Tsumman da aka shafa wa katako man linsid da shi, in aka dunƙule aka jefa a kwana, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta cikin dare. A baza shi a waje ya bushe, ko a nutsar da shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi. Ka rubuta wannan ma a takardar ƙofa, tare da zare wayoyi da kulle wuri saboda yara.

Akwatin taimakon gaggawa ya kasance a ƙasa-ƙasa, inda hannu ɗaya zai buɗe. In an yanke, a danne wurin da tsaftataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, kar a riƙa buɗewa ana leƙawa. In yatsa ya fita, a naɗe shi a tsaftataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, a tafi asibiti nan take, kuma wani ya yi tuƙin. In allurar rigakafin tetanus ɗinka ta wuce shekara 10, ka sabunta.

Na san akwai wanda zai ce duk wannan maganar mai aikin sha'awa ce, shi da zarton yake ciyar da iyali, masu kaya kuma suna tsaye a ƙofa. Gaskiya ne, kuma shi na fi tausayawa, domin matsin masu kaya yana cikin abin da ke damunsa. Shawarata gare shi ita ce ya tara duk yankan inji ya yi da safe, lokacin da kai ya fi sauƙi, ya bar haɗawa, gogewa da fenti zuwa yamma. In yana da abokin aiki, su yi musaya na ɗan lokaci, wancan ya riƙe inji shi ya riƙe benci, ba abin kunya ba ne. Ya kuma kira mai kaya tun da wuri ya ce aikin zai ƙara kwana uku. Mai kaya zai yi ƙorafi ya haƙura, raunin hannu kuwa makonni ko watanni yake zaunar da kafinta.

Akwai kuma halin da bencin ba zai iya ɗauka ba. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace, abin da kake so a da ya daina yi maka daɗi, to ka ga likita, ciwo ne da ake magani. Idan kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa gifta maka, ko sau ɗaya ne, kada ka shiga wurin da ke cike da kaifi kai kaɗai. Ka miƙa makullin ga wanda ka yarda da shi, ka gaya masa dalili ba tare da kwana-kwana ba, ka roƙe shi ya raka ka asibiti a ranar.